Wayar Hannu a Makarantar Jinya da Bakin Gadon Majinyaci

A mafi yawan ƙasashe wayar hannu ta shiga aikin jinya ne ba tare da wani ya tsara mata hanyar shiga ba, domin ba ma'aikatar lafiya ce ta zauna ta yanke cewa daga rana kaza kowace nas za ta riƙa tafiya da ƙaramar kwamfuta a aljihun farar rigarta ba; ma'aikatan da ɗaliban ne suka zo da wayoyinsu daga gida, suka fara duba bayanin magani a cikinsu, suna tura wa juna tambaya, suna ɗaukar hoton jadawalin aiki, kafin shugabannin asibitoci da makarantu su farga cewa akwai sabon abu a ɗakin majinyata da ke bukatar ƙa'ida. Wannan tsari, wato amfani ya riga doka zuwa, shi ne tushen yawancin alherin da wayar ta kawo wa aikin, kuma shi ne tushen yawancin ɓarnarta. Binciken da aka tara cikin shekaru ashirin da suka wuce ya nuna cewa wayar tana taimakawa ƙwarai a inda aka ba ta aiki guda takamaimai, aka kuma tantance abin da ke cikinta, sannan tana cutarwa a inda aka bar kowa ya yi yadda ya ga dama da tasa.

Tarihin al'amarin bai yi nisa ba. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon shekarun 2000 wasu asibitoci da makarantun jinya a Amurka sun fara gwada wata na'ura mai girman tafin hannu, irin wadda kamfanin Palm ya fara sayarwa a 1996, wadda ba a kiran waya da ita amma ana iya loda mata kundin bayanin magunguna, ta yadda ɗalibi ba sai ya kinkimi ƙaton littafi zuwa ɗakin majinyata ba. Fitowar iPhone a 2007 da buɗe kasuwannin manhajoji a shekarar da ta biyo baya sun haɗa wannan aiki da na kira da na ɗaukar hoto a na'ura ɗaya; manhaja kuwa ita ce ƙaramin shiri da ake saukewa a waya domin ya yi wani aiki na musamman, kamar lissafi ko nuna bidiyo. A Najeriya layukan wayar salula na zamani sun fara aiki ne a 2001, kuma cikin 'yan shekaru waya ta isa ƙauyukan da ba su taɓa ganin wayar tarho ba, har ta riga kwalta da famfo da wutar lantarki zuwa wurare da dama.

Dalilin da ya sa wannan ƙaramar na'ura ta samu muhimmanci a aikin jinya fiye da sana'o'i da yawa yana cikin ƙarancin ma'aikatan. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 kan halin da aikin jinya ke ciki ya ƙiyasta cewa akwai ma'aikatan jinya miliyan 27.9 a duniya, da giɓin miliyan 5.9, kuma kashi 89 cikin 100 na giɓin yana ƙasashe matalauta da waɗanda suka ɗan ɗara su. Ma'anar wannan a ƙasa ita ce, a ƙaramin asibitin karkara sau da yawa nas ɗaya ko ungozoma ɗaya ce ke riƙe da dare gaba ɗaya, babu likita a kusa, babu babbar sista da za a leƙa a tambaya, babu kuma ɗakin karatu. Wadda ke cikin wannan hali, idan ta samu abin da zai tuna mata adadin magani ko ya haɗa ta da wanda ya fi ta sani cikin minti biyu, ba za a ce mata ta bar shi a gida ba, kuma ko an faɗa ba za ta bari ba.

A ɓangaren koyarwa, abin da waya ta fi littafi da shi shi ne motsi. Akwai ayyukan jinya da bayaninsu a rubuce yake cin shafuka, amma wanda ya ga an yi su sau ɗaya ya kama, kamar yadda ake riƙe kan jaririn da aka haifa ba ya numfashi, a ɗora masa abin hura iska a hanci da baki, a matsa jakar iskar daidai gwargwado ana kallon ƙirjinsa yana ɗagawa. Fitacciyar manhajar da aka gina a kan wannan tunani ita ce Safe Delivery App, wadda gidauniyar Maternity Foundation ta ƙasar Danmak ta samar tare da jami'o'in ƙasar biyu, kuma tana ɗauke da gajerun bidiyoyi na zane mai motsi kan farfaɗo da jariri, da tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da cire mabiyiyar da ta maƙale, tare da jerin magunguna da adadinsu. Babbar fa'idarta ga ƙasashe irin namu ita ce da zarar an sauke ta ba ta ƙara bukatar intanet. An gwada ta a Habasha, inda aka raba cibiyoyin lafiya 73 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba ma'aikatan rukuni ɗaya waya mai manhajar, aka bar ɗaya rukunin a kan tsarin da aka saba, sannan aka bibiyi haihuwar mata 3,601. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa ƙwarewar ma'aikatan da suka samu manhajar wajen farfaɗo da jariri ta ƙaru sosai, kuma mutuwar jarirai a lokacin haihuwa da kwanakin farko ta kasance 14 cikin 1,000 a rukuninsu, a kan 23 cikin 1,000 a ɗaya rukunin.

Wannan bambanci na 14 da 23 yana da daɗin ji, amma masu binciken da kansu sun bayyana cewa bisa ƙa'idar lissafin bincike bai kai ƙarfin da za a tabbatar manhajar ce ta jawo shi ba, domin yawan haihuwar da aka ƙirga bai isa ya kawar da yiwuwar cewa dacewa ce kawai ba. Abin da aka tabbatar shi ne ƙaruwar sani da ƙwarewar hannu, abin da ake fata shi ne raguwar mutuwa, kuma masu tallata fasaha sukan haɗe biyun su zama ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi taka-tsantsan a kan haka a jagorarta ta 2019 kan amfani da fasahar zamani a harkar lafiya, inda ta amince da koyar da ma'aikata ta waya amma a matsayin ƙari ga koyarwar da aka saba, ba madadinta ba.

Akwai hikima a wannan sharaɗi, domin rabin aikin jinya yana cikin yatsu ne da ido da kunne. Gano jijiya a hannun yaron da gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki, da lalube cikin mai juna biyu a gane inda kan ɗa ya kwanta, da jin bambancin numfashin da ke da haɗari da wanda ba shi da shi, abubuwa ne da ake koya a tsaye kusa da wanda ya iya, ana yi yana gyarawa. Ɗalibin da ya kalli bidiyon sa allurar ƙarin ruwa sau ashirin ya san jerin matakan, wanda kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma hannunsa bai san ƙarfin da fata ke da shi ba sai ranar da ya huda ta.

Inda waya ta nuna wani amfani da ba a yi tsammani ba shi ne lokacin da ɗalibi ya gama makaranta aka tura shi bakin aiki, wanda shi ne lokacin da sabon ma'aikaci ya fi jin kaɗaici da shakkar kansa. Wasu masu bincike na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsu na Suwizalan sun kafa zaurukan WhatsApp ga sababbin ma'aikatan jinya a Najeriya, inda ƙwararren malami yake jagorantar tattaunawa kan batutuwan aiki na tsawon watanni, kuma sun samu cewa waɗanda ke cikin zaurukan sun fi takwarorinsu sani a batutuwan da aka tattauna, sun kuma fi jin cewa ba su kaɗai ba ne. Abin lura shi ne akwai mai jagora. Zauren da babu wanda ke tace abin da ake turawa a cikinsa yakan koma wurin yaɗa tsofaffin tambayoyin jarrabawa masu amsoshin da ba daidai ba, da hotunan shafukan littattafan da ƙa'idojinsu suka sauya tun shekaru goma da suka wuce. Rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya tilasta wa makarantun jinya da yawa komawa ga irin waɗannan zauruka da darussan bidiyo, kuma a nan ne wani bambanci da aji yake ɓoyewa ya fito fili: ɗaliba 'yar birni mai babbar waya da kuɗin data tana bin darasi kai tsaye, ita kuwa wadda ta koma ƙauyen da sabis bai da ƙarfi sai ta jira a turo mata muryar malami ta saurara bayan kwana biyu, idan ma wayarta tana da caji.

A bakin gadon majinyaci, aikin da waya ta fi dacewa da shi shi ne lissafi, kuma lissafi a aikin jinya ba wasa ba ne. Idan likita ya rubuta a ƙara wa majinyaci ruwa mililita 500 cikin awa huɗu, kuma robar ƙarin ruwan irin wadda ɗigo 20 ke ba da mililita ɗaya ce, nas za ta ninka 500 sau 20, ta raba da minti 240, ta samu kusan ɗigo 42 a minti ɗaya, sannan ta tsaya da agogo tana daidaita maƙullin robar har ɗigon ya zo daidai. Idan kuwa robar ta yara ce, wadda ɗigo 60 ne mililita ɗaya, amsar ta sauya gaba ɗaya. Maganin yara ya fi haka wuya, domin ana auna shi ne da nauyin yaron, sai an ninka adadin maganin da kilo, sannan a mayar da sakamakon zuwa mililita gwargwadon ƙarfin ruwan maganin da ke cikin kwalbar da ke hannu, kuma ɗigon lissafi guda da ya kauce daga wurinsa yana nufin an ba jariri ninki goma na abin da ya kamata. Ana yin wannan lissafi ne da ƙarfe ukun dare, bayan awa goma a tsaye, uwar yaron tana kuka a gefe. A Suwizalan an gwada wata manhaja mai suna PedAMINES, wadda likitocin yara na birnin Janiba suka tsara domin ta bi da nas mataki-mataki wajen haɗa magungunan gaggawa da ake ɗigawa ta jijiya. Ma'aikatan jinya 128 ne suka haɗa magungunan a wani gwaji da aka kwaikwayi yanayin yaron da zuciyarsa ta tsaya, ana amfani da mutum-mutumi a madadin yaro, kuma rahoton da aka wallafa a 2019 ya nuna kuskure a kashi 75 cikin 100 na haɗin da aka yi da jadawalin takarda, da kashi 7 cikin 100 kacal na wanda aka yi da manhajar. Waɗannan ƙwararrun ma'aikata ne a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki, wanda ke nuna cewa matsalar ba ta rashin ilimi ba ce, ta ƙwaƙwalwar ɗan Adam ce idan an matsa mata.

Sai dai ba kowace manhaja ce aka yi wa irin wannan gwaji ba, kuma kasuwar manhajoji ba ta tambayar mai sayarwa shaidar karatunsa. A wani bincike da aka wallafa a 2015, wasu masu bincike a Landan sun tantance manhajoji 46 da masu ciwon suga ke amfani da su wajen lissafa adadin allurar insulin, suka gano cewa kashi 67 cikin 100 na iya ba da adadin da bai dace ba, kuma guda ɗaya ce kawai ba su samu wani aibu a cikinta ba. Manhajar da ta yi kuskure ta fi takardar da ta yi kuskure haɗari, saboda tana ba da amsa cikin tsabta da sauri, ba ta nuna alamar shakka, kuma mai amfani da ita ba ya ganin hanyar da ta bi. Haka nan manhajar da aka rubuta domin Amurka tana iya ɗaukar nauyi da ma'aunin da ba kilo ba, ko ta ambaci ƙarfin maganin da ba shi ake samu a kantin magani na Kano ko Maraɗi ba. Shirye-shiryen hira masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka yaɗu tun ƙarshen 2022 kuma ɗalibai suka rungume su, sun ƙara wa wannan matsala nauyi, domin suna iya faɗin adadin magani na ƙarya da irin natsuwar da suke faɗin na gaskiya.

Aiki na biyu da aka ga nasararsa shi ne sa ma'aikaci ya bi ƙa'idar duba mara lafiya ba tare da tsallake mataki ba. Tun tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka fitar da tsarin duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda ke bukatar a tambayi alamomin haɗari, a ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya, a kuma san cewa numfashi 50 ko fiye a minti alamar ciwon huhu ce ga yaro ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya, 40 kuma ga wanda ya haura shekara. Tsarin yana da kyau a takarda, amma ma'aikacin da yara sittin ke jiransa a layi yakan taƙaita, ya rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro da maganin kashe ƙwayoyin cuta ga kusan kowa, ya kira na gaba. Manhajar ALMANACH, wadda aka fara gwadawa a Tanzaniya, tana gabatar da tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta kai ma'aikaci ga magani sai ya amsa su. A gwajin Tanzaniya da aka wallafa a 2015, an rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ga kusan kashi 15 cikin 100 na yaran da aka duba da tsarin, a kan kusan kashi 84 cikin 100 na waɗanda aka duba yadda aka saba, kuma yaran rukunin farko ba su gaza warkewa ba. Daga 2016 ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa, tare da wata cibiyar binciken cututtuka ta birnin Basel da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar Adamawa, sun shigar da wannan manhaja ƙananan asibitocin jihar a kan ƙananan kwamfutoci masu kama da allo, har ta bazu zuwa ɗaruruwan cibiyoyi. Rage shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa bukata ba yana da muhimmanci fiye da kuɗin da ake ajiye wa iyaye, domin yawan shan sa ne ke sa ƙwayoyin cutar su saba da shi har ya daina yi musu aiki.

Ba ma sai babbar waya ba. A Kenya an raba cibiyoyin lafiya na karkara 107 gida biyu, aka riƙa tura wa ma'aikatan rukuni ɗaya gajeren saƙon tes sau biyu a kowace ranar aiki na tsawon wata shida, yana tuna musu ƙa'idojin ba yara maganin zazzaɓin cizon sauro, kamar auna nauyi da ba da kashin farko a gaban ma'aikaci da yi wa uwa bayani. Mujallar The Lancet ta wallafa sakamakon a 2011: a cikin kowane yara 100 an samu ƙarin kusan 24 da aka kula da su daidai, kuma ribar ba ta gushe ba wata shida bayan an daina tura saƙon. A ɗaya gefen kuma, wasu manyan asibitoci biyu a Ingila, ɗaya a Portsmouth ɗaya a Coventry, sun ba ma'aikatan jinya na'urorin hannu da suke shigar da awon bugun zuciya da hawan jini da zafin jiki da numfashi, na'urar ta haɗa makin, ta kuma yi gargaɗi idan jikin majinyaci ya fara taɓarɓarewa. An ga raguwar mace-mace a asibitocin biyu bayan shigo da tsarin, ko da yake binciken na kwatanta kafin da bayan ne, ba na ƙuri'a ba.

Duk waɗannan misalai suna da abu ɗaya: wani ya tsara abin da ke cikin na'urar, wani ya gwada shi, wani kuma yana bibiya. Wayar da nas ta saya da kuɗinta ba haka take ba, domin a cikinta ne manhajar magani take zaune tare da saƙon miji da kiran gida da bidiyon ban dariya, kuma dukkansu suna neman idonta a lokaci guda. Wani bincike da aka yi a asibitoci biyu na birnin Sidni a Ostareliya, wanda aka wallafa a 2010, ya bi ma'aikatan jinya 98 yayin da suke ba da magani sau 4,271, ya samu cewa kowace katsewa da aka yi wa nas tana tafiya da ƙaruwar kuskure da kusan kashi 13 cikin 100. Binciken bai taƙaita ga waya ba, ya haɗa da kowace irin katsewa, amma waya ita ce mai katsewar da ba ta gajiya. Akwai kuma yadda abin yake a idon majinyaci da 'yan uwansa: mai jinya da ya ga nas tana danna waya alhali mahaifiyarsa tana nishi ba shi da hanyar sanin ko lissafin ɗigon ruwa take yi ko hira, kuma yawanci mummunan zaton yake ɗauka. Maganin wannan ba shi da tsada, kalma ce kawai, a ce masa, "Malam, adadin maganin Hajiya nake dubawa," a kuma juyo masa da fuskar wayar ya gani, amma ba kasafai ake koyar da hakan ba.

Wayar tana kuma ɗaukar ƙwayoyin cuta. A wani bincike da aka wallafa a 2009 an gwada wayoyin ma'aikata 200 a wani asibitin koyarwa a Turkiyya, aka samu ƙwayoyin cuta a kan kashi 94.5 cikin 100, har da irin waɗanda magunguna da yawa ba sa kashewa. Ma'aikaci yana wanke hannu bayan ya taɓa ciwo, sai ya ɗauki wayar da ya taɓa kafin wankin, ya mayar da abin da ya wanke, da yamma kuma ya miƙa wa ɗansa wayar ya yi wasa da ita. Goge ta da auduga mai barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 yana rage ƙwayoyin sosai. Tsohon tsoron da ya sa asibitoci da yawa suka haramta waya a shekarun 1990, wato cewa sigina zai rikita injinan asibiti, bai kai yadda aka zata ba, amma bai zama banza ba: gwajin da aka yi a Holan a kan na'urori 61 na ɗakin kulawa ta musamman, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna waya ta shafi 26 daga cikinsu, galibi idan an kusanto da ita ƙwarai, shi ya sa ake ba da shawarar barin tazarar mita ɗaya.

Mafi nauyin haɗarin shi ne na sirri, kuma a nan ne al'adar wurin take ƙara wa abin zafi. Nas da ke ƙauye ta ɗauki hoton ciwo ko takardar gwaji ta tura wa likita a birni domin ya ba ta shawara, niyyarta kyakkyawa ce kuma sau da yawa majinyaci ya amfana, amma hoton ba ya ɓacewa bayan an amsa. WhatsApp yana kulle saƙo tun 2016 ta yadda ba mai iya karanta shi a kan hanya, sai dai kullewar ba ta shafi hoton da ya riga ya sauka a ma'ajiyar hotunan waya ba, kuma waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce: ƙani yana ara, yara suna buɗewa, ana barin ta a shagon caji, ana kai ta wurin mai gyara tare da lambar buɗewa. A garin da kowa ya san kowa, takardar gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, ko bayanin cikin da aka samu ba aure, ko hoton matar da ke fama da yoyon fitsari, idan ya fita yana iya kashe aure ko ya hana shi, kuma ba a iya dawo da shi. Ƙasashe masu tsauraran dokoki ma ba su tsira ba: a 2023 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta tsawata wa hukumar lafiya ta Lanarkshire da ke Sikotland, bayan an gano ma'aikata 26 sun tura bayanan majinyata fiye da sau 500 a wani zauren WhatsApp tsakanin 2020 da 2022, kuma an taɓa shigar da wanda ba ma'aikaci ba cikin zauren bisa kuskure. A Najeriya Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ayyana duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da maganinsa da kwanciyarsa a asibiti a matsayin sirri, wanda ba a fitarwa sai da rubutaccen izininsa ko umarnin kotu ko wasu dalilai ƙalilan da dokar ta lissafa, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke bukatar kariya ta musamman. Ɗalibin da ya ɗauki hoton majinyaci domin ya nuna wa abokai abin mamakin da ya gani ya karya waɗannan dokoki, ko da ya rufe fuskar, domin zane ko tabo ko lambar gado sun isa a gane mutum.

Wani ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba shi ne wanda ke biyan kuɗin. A wurare da yawa wayar ta ma'aikaciya ce, datar daga albashinta take, kiran da ta yi wa direban motar asibiti ko babban asibitin da za a tura mai naƙuda daga katinta ya fita, kuma babu mai mayar mata. Caji ma matsala ce a asibitin da babu wuta. Akwatin hasken rana da ƙungiyar We Care Solar ke rarrabawa ɗakunan haihuwa, wanda tunaninsa ya samo asali daga abin da likita Laura Stachel ta gani a Zariya a 2008, an haɗa shi da wurin cajin waya tare da fitilu, saboda masu tsara shi sun fahimci cewa ungozoma na bukatar duka biyun. Hukumar da ta dogara da wayar ma'aikacinta wajen gudanar da aiki, amma ba ta saya ba, ba ta zuba data ba, ba ta kuma faɗi wace manhaja aka amince da ita ba, ta ɗora masa nauyin da nata ne, kuma ranar da aka samu kuskure shi kaɗai za a kira gaban kwamiti.

Shi ya sa haramcin da wasu makarantu ke ƙaƙaba wa ɗalibai, cewa kada a ga waya a hannun kowa lokacin horon asibiti, ba ya warware komai. Yana mayar da amfanin ne zuwa bayan labule da ɗakin canza kaya, inda babu malamin da zai gyara. Abin da ya fi dacewa shi ne makarantu da hukumomin da ke kula da manhajar karatunsu, irin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, su ɗauki riƙon waya a matsayin darasin aiki kamar wankin hannu: a koya wa ɗalibi ya duba wanda ya wallafa manhaja da ranar da aka sabunta ta da ko ta dace da ƙa'idojin maganin ƙasarsa, ya nemi izini kafin hoto, ya cire suna da lambar kati, ya goge hoton bayan an amsa, ya kashe saukar hotuna kai tsaye, ya kuma rufe ƙarar saƙonni a lokacin rabon magani. Lissafin hannu kuwa bai kamata a sassauta shi a jarrabawa ba, domin batir yana mutuwa, kuma ko bai mutu ba ana son ɗalibi ya ƙiyasta amsa a ransa kafin ya danna, ta yadda idan yana tsammanin ɗigo arba'in da wani abu a minti, manhaja kuma ta nuna masa 420, zai tsaya ya sake duba abin da ya shigar kafin ya taɓa maƙullin robar.